YA YI AIKIN DA MUKA CE YA YI, TO INA ZAI KWANA?



'Yan'uwa, yau ba fatawa na zo bayarwa ba. Tambaya ce aka yi mini, ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta nan ko ma raba nauyin.

Wata ranar Laraba ce, a ɗan masallacin da nake karatu tsakanin magariba da isha'i nan Ƙofar Durbi. A daren na yi magana a kan neman na kai. Na faɗi abin da kowane mai wa'azi ke faɗi: bara ƙasƙanci ce, Annabawa sun yi kiwo, Annabi Dawud (AS) da guminsa yake ci, matashi ya tashi ya kama sana'a ya daina zaman kashe wando. Mutane suna ta gyaɗa kai. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ji a raina cewa karatu ya yi kyau.

Da aka sallame isha'i kowa ya watse, sai wani bawan Allah ya rage. Na san fuskarsa, kullum yana sahun baya, bai taɓa tambaya ba. Ya matso ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana, amma ba roƙo na zo yi ba."

Na ce, "Bismillah, ɗan'uwa, ina jin ka."

Ya ce gadi yake yi da dare a wani babban gida, albashinsa dubu 35. Da safe in ya taso ya ɗan rintsa, sai ya ɗauki kura ya shiga sayar da ruwa har la'asar. Matarsa tana wankau, tana soya awara. 'Ya'yansu biyar. Ɗakin da suke haya aka ninka kuɗinsa, aka ce kuma na shekara ake so a dunƙule. Ya kasa. Aka ba su wa'adi, wa'adi ya cika, suka kwashe kaya. Yanzu wata huɗu ke nan suna cikin wani kango a bayan gari. Mai kangon ya bar su ne don su riƙa duba masa bulo da rodi, ran da ya tashi ci gaba da gini kuma su san inda dare ya yi musu.

Sai ya ce, "Malam, duk abin da ka ce a yi na yi. Ban taɓa miƙa ma kowa hannu ba. Gidan da nake gadi ɗaki tara ne, mai shi yana Abuja, sai da salla yake zuwa. Ni kau ɗiyana ukku mata suna kwana inda babu ƙyaure. Mi na rage ban yi ba?"

Kun san abin da ya fito daga bakina? "Ka yi haƙuri." Wallahi ina faɗa na ji kunyar kaina. Ba don haƙuri ba gaskiya ba ne. Don na san a wannan lokacin na faɗe shi ne in rufe maganar, in samu in tafi gida in ci tuwo.

Washegari na ce ya kai ni. Gini ne da ya kai linta aka tsaya. Ɗaki ɗaya suka rufe da tsofaffin kwanuka da leda, an danne da duwatsu. Ƙofa labulen buhu ne. Tagogi an toshe da kwali. Babu makewayi. Matar da 'yan matan sai dai su riƙe har duhu ya yi, ko su shiga gidan maƙwabta su ce don Allah. Babbar ta kai shekara 14. Ku da kuke da 'ya mace mai irin wannan shekarun, ba sai na ƙara bayani ba. Na ga jakar makarantar yaron rataye a kan rodi don kada ruwa ya same ta, amma ya daina zuwa, saboda makarantar tana can tsohuwar unguwarsu, kuɗin mota kullum ba zai yiwu ba. Na ga Alƙur'ani naɗe cikin leda biyu a kan bulo. Matar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kofi mai tsabta, tana ba ni haƙuri wai wurin bai kintsu ba. Ita ke ba ni haƙuri!

Mu in aka ce marar muhalli, wa muke hangowa? Mai taɓin hankali a bakin kasuwa, ko almajiri a barandar shago, ko 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa. Waɗannan duk gaskiya ne, kuma shigowar waɗanda aka koro ta ƙara matsa ɗakunan haya a cikin birni. Amma akwai wani rukuni da idonmu ba ya gani, domin da safe suna sa riga wankakkiya su fita aiki. Lebura mai ɗora bulo a gidan wani. Malamin makarantar kuɗi da ake ba abin da bai kai buhun masara ba. Ɗan kabu-kabu mai kai balas. Masinja. Mai shara a asibiti. Wani ya mai da matarsa gidansu, ba saki ba, ba faɗa ba, ya raba yaran gidajen dangi, shi yana kwana a shago ko a zauren aboki. In ka tambaye shi ya iyali, ya ce lafiya lau. A Suratul Baƙara, aya ta 273, Allah ya siffanta wasu mabuƙata da wanda bai san su ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kansu. Ni na karantar da ayar nan ya fi a ƙirga, ashe mai ita yana sahun baya yana sauraro.

To ga tambayar: mutumin da ke da sana'a, lafiyarsa ƙalau, yana samun kuɗi kowane wata, shi ma miskini ne? Yana da haƙƙi a dukiyarmu, ko kuwa mun fita tunda ya samu abin yi?

Da yawa daga cikinmu a zuci mun yanke cewa mun fita. Sai ka ji ana cewa, "Ai wane yana aiki." Shi ke nan an cire shi daga lissafin zakka.

Ku koma Suratul Kahfi, labarin Annabi Musa (AS) da Halliru. Mutanen nan masu jirgin ruwa da aka huda wa jirgi, aya ta 79 ta kira su miskinai, kuma a wuri guda ta ce aiki suke yi a teku. Ga jari, ga sana'a, ga fita kullum, amma sunan miskini bai sauka daga kansu ba. Da wannan ayar Shafi'iyya suka kafa hujja cewa miskini shi ne mai samu amma samun bai isa ba. Mu Malikiyya mun juya sunayen: miskini a wurinmu shi ne wanda ba shi da komai, faƙiri kuma mai ɗan abin da ba zai kai shi shekara ba. Ɗalibai suna son wannan saɓani, ana iya kwana ana ja a kansa. Amma ko ta ina ka bi, mai gadin nan yana ciki, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci rukunan biyu a farkon mutum takwas masu cin zakka. Kuma malamanmu sun bayyana cewa mai sana'ar da sana'arsa ba ta ishe shi ba ana cika masa, har ana iya ba mutum abin da zai ishe shi shekara guda ko da ya haura nisabi. Wannan yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Katsina tun kaka da kakanni.

Shi kuma "abin da zai ishe shi" ba tuwo kaɗai ba ne. A Suratu Ɗaha, aya ta 118 da 119, abubuwan da aka lamunce wa Annabi Adam (AS) a Aljanna huɗu ne: tsari daga yunwa, da tsiraici, da ƙishirwa, da zafin rana. Imam Ƙurɗubi a tafsirinsa ya ciro daga nan cewa ci da sha da tufafi da mazauni su ne ginshiƙan ciyarwar da ke kan magidanci. Abu Dawud kuma ya ruwaito hadisin da ma'anarsa ke nuna wanda aka ɗora wa aikin jama'a, in ba shi da mazauni, yana da damar ya samu mazauni ta dalilin aikin nan. Ku lura da kyau: a can aiki da muhalli tare suke tafiya. Ibn Hazm, malamin Andalus da ya rasu a shekara ta 456 bayan hijira, ya fi kowa zafafawa. A cikin Al-Muhalla ya tafi a kan cewa wajibi ne mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin talakawansu in zakka ta gaza, hukuma ta tilasta su, kuma cikin abin da ya lissafa har da wurin zama mai kare mutum daga ruwan sama da rana da idon masu wucewa. Wannan na ƙarshen shi ya dawo mini lokacin da nake kallon labulen buhun nan.

Amma kada in yi zalunci. Na fita daga kangon ina jin haushin mai gidan da ya tashe su, na nemi a kai ni. Sai na iske tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ya bar mata gidan da marayu. Ɗakuna uku take bayarwa haya, da su take ci, da su take sayen maganin hawan jini. Na ce, "Hajiya, ba a iya ɗaga masa ƙafa ba?" Ta ce, "Malam, wata biyar na ɗaga. Katangar baya ta zube da damina, ka tambayi kuɗin siminti. In na bar shi, ni wa zai bar ni?" Ban samu abin cewa ba. Aya ta 280 a Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma baiwar Allah nan ta jinkirta iya ƙarfinta. Talaka ne ya tashi talaka, kowa yana kuka.

Saboda haka ba zan hau nan in ce duk mai gidan haya azzalumi ne ba. Haya halas ce, gida dukiyar mai shi ne. Sai dai akwai tazara tsakanin wannan tsohuwa da mai gida goma da ke cewa sai an biya shekara biyu a gaba, ga la'adar dillali, sannan ya ƙara da cewa ba ya ba mai yara da yawa don za su ɓata masa fenti. Mutumin da ake biya wata-wata, wani ma kullum-kullum, ta ina zai haɗa kuɗin shekara biyu? Alƙali ba zai kama ka ba, na yarda. Amma kai ma ka san ba duk abin da alƙali ya ƙyale ne za ka so a karanto maka ranar hisabi ba.

Wanda ya fi tsaya mini a wuya shi ne mai ɗaki tara. Na san abin da zai ce: "Mun yi yarjejeniya, ya yarda, ban taɓa riƙe masa albashi ba." Gaskiya ne. Dokar mafi ƙarancin albashi ta koma naira dubu 70 a watan Yulin 2024 daga dubu 30 na 2019, amma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka mai gadin gida da direba da 'yar aiki ba su ciki. Hukuma ba ruwanta da shi. Amma yardar mai jin yunwa wace irin yarda ce? Ya yarda ne don ya san in ya ƙi, mutum goma na bakin ƙofa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wane abu ne bai tashi ba? Kai da kanka ka ƙara kuɗin kayan shagonka sau nawa? Albashin wanda ke kwana a waje cikin sanyin hunturu don kai da dukiyarka ku kwana lafiya, shi ne kaɗai farashin da bai motsa ba. Ka taɓa tambayarsa inda iyalinsa suke kwana? Ina zaton da yawa ba mugunta ba ce, rashin tambaya ne. Kuma wani lokaci muna ƙin tambayar ne don mun san amsar za ta ci mana kuɗi.

Kada wani ya ce wannan lalacin Bahaushe ne ko yawan haihuwa. A Amurka, ƙidayar da gwamnatinsu ta yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024 ta samu mutum sama da dubu 770 ba su da muhalli, kuma a cikinsu akwai masu fita aiki da safe su dawo su kwana a mota. A Ingila yara sama da dubu 150 ne ke zaune a masaukin wucin gadi a shekarar. Duk inda kuɗin ɗaki ya tsere wa ladan aiki, abin da ake samu ke nan.

Mu da muna da abin da ke tare irin wannan faɗuwa. Gidan gado babba ne, in ɗa ya yi aure a yanka masa sashe. Zaure a buɗe yake, baƙo ya sauka, almajiri ya kwana. Bahaushe har Kumasi da Sabon Ibadan ya je ya kafa zango, mai gida ya saukar da wanda bai taɓa gani ba. Yanzu uba na rasuwa a sa gida a kasuwa a raba kuɗi, kason kowa bai sayi ko fili ba, 'ya'yan gida su zama 'yan haya a garin ubansu. Zaure kuma mun mai da shi shago ko garejin mota.

Sannan waƙafi. In Allah ya buɗa wa mutum a garin nan, masallaci ne farkon abin da ke zo masa, kuma alheri ne babba, ba mai ja. Amma akwai layin da za ka ji kiran salla uku suna karo da juna, kowanne da sahu ɗaya da rabi. Nawa ne suka taɓa gina ɗakuna shida suka ce waƙafi ne ga magidancin da haya ta kora, ya zauna shekara ya farfaɗo? Ba sabon abu ba ne. Bukhari ya kawo cewa Zubairu ɗan Awwam (RA) ya yi sadaka da gidajensa, ya ba duk wadda aurenta ya mutu cikin 'ya'yansa mata damar zama, kuma Abdullahi ɗan Umar (RA) ya mai da kasonsa na gidan mahaifinsa mazaunin mabuƙatan iyalinsa. Zakkar ma dubi yadda muke yi da ita: a canzo sababbin kuɗi, a tara mutane a ƙofar gida, kowa dubu ɗaya ko biyu, a yi turereniya, a ɗauki hoto. Kafin magariba an cinye. Kuɗin nan da an dunƙule su sun biya wa gida biyar hayar shekara. Sai dai gida biyar ba sa cika layi, ba wanda zai ce Alhaji ya fitar da zakka.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne yaran. Babba in ya kwana a kango ya san jarrabawa ce, yana da abin da zai riƙe. Yaro fa? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a rahotonta na Nuwamban 2022 ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kusan rabinsu yara ne. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shida na farkon 2025 sakamakon tamowa. Magidancin da ke tara kuɗin haya, daga ina kuke zaton yake yanka? Daga tukunya. An ruwaito Sayyidina Umar (RA) ya ji kukan jariri da dare, ya gano uwar tana gaggauta yaye shi ne don baitulmali ba ya ba yaro kaso sai an yaye. Bai tsaya a yi mata nasiha ba, ya canza tsarin, ya sa a rubuta wa kowane jariri tun daga haihuwa. Mu kuwa yaron nan mai jaka a kan rodi, in ya shekara biyu ba makaranta ya faɗa cikin ƙauraye, ni ne zan hau mumbari in yi huɗuba a kan lalacewar tarbiyya. In 'yar ta ɗauki tallar awara har dare wani abu ya same ta, mu ce iyaye ba sa kula. A ina za a yi tarbiyyar? Shari'a ta ce yara su nemi izini kafin shiga wurin iyaye a lokuta uku, ta ce a raba musu shimfiɗa in sun kai shekara goma. Duk wannan yana buƙatar ɗaki da ƙofa.

Na dawo kan "ka yi haƙuri" ɗin da na ce. Haƙuri ibadarsa ce shi, tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma na shaida yana yi fiye da ni. Ba garkuwata ba ce. A Suratu Yasin, aya ta 47, waɗanda suka fake da cewa ai da Allah ya so da ya ciyar da matalauci, ba muminai ba ne. Muna bin ta kowace Juma'a da gudu. Ƙaddara gaskiya ce, amma mai ɗaki a rufe ba shi ne zai karanta wa mai kwana a waje babin ƙaddara ba.

Na ce mai ɗaki a rufe. A zauren gidana akwai ɗaki. Tsofaffin littattafai ne a ciki da firjin da ya lalace tun bara waccan. Kwana uku ina kawo wa kaina dalilai: ina zan kai littattafan, yaran mutane in wani abu ya faru fa, ai ɗakin ba zai ɗauki mutum bakwai ba. Na ƙarshen gaskiya ne, na farkon biyu kuwa son rai ne da ya sa rawani. A rana ta huɗu muka kwashe littattafan, yaran maza biyu suka dawo nan da kwana, mai jakar ya koma makaranta.

Ragowar kuma na faɗa wa mutum uku cikin masu zuwa karatu, ban ambaci suna ba. Ɗaya ɗan kasuwa ne da lokacin zakkarsa ya yi. Ya tambaye ni ko ya halatta ya ba mutum ɗaya mai albashi wannan adadin, na ce ya halatta, ka damƙa masa a hannu ya biya da kansa. Aka samu ɗaki ciki da falo, mai gidan ya yarda a biya wata shida-shida. Hayar bana ta fita. Ta baɗi ban san ta ba, domin albashin yana nan dubu 35, kuma har yau ban samu ganin mai ɗaki tara ba. An ce sai salla.

Shekaranjiya hanya ta bi da ni ta wajen kangon. Kwanukan suna nan, an ƙara sabuwar leda. A ƙofa akwai wani labulen, wannan karon tsohon zane ne, ga takalman yara huɗu a jere.